Gode wa Allah da shiru ka ji

Ka ce ka gama haɗa kwamfutar, ka danna maɓalli, ko fanka ba ta motsa ba, wai ko kart mer ɗin ce, babban allon nan da ake jona komai a kansa, ta mutu. Kai yaro, wa ya yi mata sallar gawa? Ku 'yan yanzu da abu ya ƙi tashi sai ku ciro waya kuna neman wani bature a YouTube ya yi muku tunani.

Gode wa Allah da shiru ka ji. Ni ƙara na ji, kuma har gobe tana kunnena.

Shekarar da na buɗe shago kusa da kasuwar Dole a Damagaram, wani Alhaji ya shigo da kwali biyu, wai zai buɗe sibar, shagon shiga intanet, a Zango. Ya ce kayan sababbi ne dal, ashe tsofaffin Amurka ne da suka biyo ta Kwatano. Irin waɗannan, alimantasiyonsu, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, yana da ɗan jan maɓalli a baya, gefe guda 115, gefe guda 230. Nasu na can a 115 yake zuwa, mu kuwa kuran ɗinmu 220 ne. Ina sauri in samu azahar, ban juya akwatin na duba ba, na jona. Sai tau! Hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonanniyar roba ya cika shago har mai shayi ya leƙo yana salati.

Laifina ne, ban musa ba. Na ce zan sayo masa wani alimantasiyon. Alhaji ya ce atafau, kart mer da ram da komai na ƙona masa. Ya kai ni gaban mai unguwa, ya rantse, ya kwashe kayansa ko gwadawa bai bari na yi ba. Jika tamanin na biya. Moto na sayar, na koma taka sayyada daga Birni zuwa shago cikin zafin bazara. Bayan wata biyu yaronsa ya kawo wa maƙwabcina inji a busa masa ƙura. Na leƙa, ga kart mer ɗin nan da alamar da na yi mata da jan biro, tana aiki lafiya lau! Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a shi ke fara miƙo mini hannu, yana murmushi. Shi ya sa kayan da mutum ya kawo da kansa ba na jona su sai a gabansa, da shaida.

To, naka. Zancen ko akwai wuta a firiz, wato soket ɗin bango, ba zan ɓata bakina ba. Cire babbar wayar nan mai ƙafa 24 daga kart mer, ka lanƙwasa guntun ƙarfe ka haɗa koriyar waya da baƙa guda. In fankar alimantasiyo ta juya, da ransa. Mayar da babbar wayar wurinta, sai ka duba ƙaramar mai ƙafa 8 da ke kusa da forosesa, can a lungu. Na rantse ita ka manta, kowane yaro da na koyar sai da ya manta ta.

In tana nan, zare siraran wayoyin maɓallin gaba, ka taɓa ƙafafu biyun nan na kunnawa da bakin turnabis, abin kwance ƙusa. Ya tashi? Kenan a wurin da bai dace ba ka soke su. Bai tashi ba? Kwance kart mer ka ɗora ta kan kwalinta da ram guda ɗaya, ka danna shi sai ka ji ƙas. Sau da yawa wani ƙusa ne da ya rage a ƙasa yake taɓa bayanta.

Tashi ka juyo mini akwatin nan in ga bayansa tukuna. Kuma ajiye wayar nan a aljihu.