Wasiƙar kawu: a kan ko Star Trek ya kamata ya ƙara duhu

Ɗana, saƙonka ya iso tun ranar Talata. Ban amsa ba sai yau saboda gwiwar nan ta sake tashi, kuma tambayar taka ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce kuna gardama da abokanka a kan Star Trek: su suna ganin lokaci ya yi da shirin zai daina wa'azin zaman lafiya ya rungumi jini da cin amana kamar sauran shirye-shiryen zamani, tunda duniyar ma ta lalace. Kai kuma kana tambaya ko al'ada ta yarda a sauya wa labarin da aka gada hali, kuma mu da muna yara an taɓa ba mu labari mai ban tsoro? Na yi dariya da na zo wurin nan.

Kakarka, Allah Ya jiƙanta, in ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," mu ce "ta zo mu ji ta," ba wanda ya san inda za a kwana. Dodo yana haɗiye yarinya da tulunta. Kishiyar uwa tana aika marainiya rafin da ba a dawowa. Gizo yana cin amanar wanda ya ciyar da shi. Na sha kwana da fitsari a mara don tsoron fita tsakar gida. Amma tatsuniyar tana da ƙa'ida. Da dare ake yin ta, har ana tsoratar da mu cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Babba ne ke bayarwa, yana kallon fuskokinmu a hasken fitilar ƙwai, in ya ga ƙaramin cikinmu ya fara rawar baki sai ya sako waƙa. Kuma dole a rufe da "ƙurunƙus". Duk muguntar Dodo, ba a taɓa tashi an bar mu da tunanin cewa halinsa shi ne daidai ba.

To, Star Trek ma yana da tasa al'adar, kuma abokanka ba su san daga inda ta fito ba. An fara nuna shi a tashar NBC ta Amurka a 1966, wani tsohon matuƙin jirgi kuma tsohon ɗan sanda, Gene Roddenberry, ya ƙirƙiro shi. Ka duba wane lokaci ne. Ana yaƙin Biyetnam, Amurka da Tarayyar Sobiyet kowa ya ɗana makamin nukiliya, baƙaƙen fata suna kan titi suna neman 'yancinsu, kuma shirin na cikin tafiya aka harbe Martin Luther King a watan Afrilun 1968. A cikin wannan hayaƙin ne mutumin ya zaunar da Barashe da mai asalin Japan da baƙar mace a ɗakin tuƙin jirgin sama jannati guda, kowa da muƙaminsa, ba mai yi wa wani kallon banza. Wanda ya fito a matsayin Sulu, mai asalin Japan ɗin, wato George Takei, yana yaro gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu, don kawai asalinsu. Nichelle Nichols, wadda ta fito a Uhura, baƙar macen nan, ta so ta ajiye aikin bayan zangon farko, King da kansa ya roƙe ta ta zauna. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗin cewa ganin Uhura na cikin abin da ya zaburar da ita. Don haka in abokinka ya ce duniya ta yi duhu, shirin ma ya bi sahu, ka tambaye shi ko 1968 ranar sallah ce.

Sai dai kada ka ɗauka ina goyon bayan a bar komai yadda aka same shi. Roddenberry ya wuce gona da iri. Da aka dawo da shirin a 1987 da Kyaftin Picard, ya kafa wa marubuta doka cewa ma'aikatan jirgin ba sa rigima a tsakaninsu, wai ɗan Adam na wancan zamani ya girmi hassada da ƙyashi. Marubutan sun sha wahala da dokar, domin labarin da ba saɓani kamar miya ce ba gishiri. Zangon farko na wannan shirin, in za a faɗi gaskiya, da ƙyar ake haɗiye shi. Ya rasu a 1991, kuma mafi yawan abin da nake so a shirin bayan sassauta dokar aka yi shi.

Bari in ba ka misalin kashi biyu. Na farko a ƙarshen 1992 aka nuna shi. An kama Picard, an tuɓe shi, an rataye shi, ana gana masa azaba. Mai azabtar da shi ya kunna fitilu huɗu, ya ce sai ya yarda biyar ne. Ya ƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan an sako shi, ya zauna da mai ba ma'aikatan jirgin shawara ya gaya mata cewa a ƙarshe ya shirya faɗin duk abin da ake so, har ma idonsa ya fara nuna masa biyar. Ba a watsa jini a fuskar mai kallo ba, amma na tashi daga gaban talabijin jikina a sanyaye.

Na biyun a Deep Space Nine yake, wani reshen Star Trek da aka yi daga 1993 zuwa 1999 a kan wata tashar sararin samaniya, shugaban tashar kuma baƙar fata ne, Benjamin Sisko, Avery Brooks ya fito a matsayinsa. Ana yaƙi, ana cin Tarayyar Duniyoyi, wato ɓangaren su Sisko, da yaƙi, duk Juma'a Sisko ne ke liƙa sunayen waɗanda aka kashe mutane su zo su duba ko akwai nasu. Sai ya yanke shawarar jawo Romulawa, mutanen wata duniyar da suke 'yan ba-ruwanmu, cikin yaƙin ko ta halin ƙaƙa. Ya nemi Garak, wani tela da a da ɗan leƙen asiri ne, suka ƙirƙiri shaidar ƙarya. Sanatan Romulawa da aka kai wa ya gane jabu ce. Garak ya dasa bam a jirginsa, sanatan ya mutu, aka ɗora wa abokan gaba, Romulawa suka shiga yaƙin. Duk wannan Sisko ne ke ba da labarinsa shi kaɗai a ɗaki, da kofi a hannu, yana lissafa laifukansa ɗaya bayan ɗaya, yana ta nanata wa kansa cewa zai iya rayuwa da abin, kana ganin bai gama yarda ba. Daga ƙarshe ya goge bayanin. A 1998 aka nuna wannan. Ya yi nauyi ne saboda shekara talatin da doriya an saba wa mai kallo cewa hafsan wannan runduna ba ya irin wannan aiki. Da a ce kowane mako haka suke yi, wa zai damu? Ɓarawo ya yi sata ba labari ba ne, liman ya yi ita ce gari ke kwana da ita.

Inda nake rabuwa da sababbin shi ne nan. Shirin Discovery ya fara a 2017, wani sabon shiri mai suna Picard a 2020, dukansu a kafar kallo ta intanet, inda dokokin da suka ɗaure tashoshin talabijin ba sa aiki. Sai aka samu ashar a bakin hafsoshi. A zangon farko na Picard, an nuna ana ƙwaƙule idon wani saurayi da ransa, yana ihu, kyamara ba ta kau da kai ba. Na kashe na tafi alwala. Me wannan ya ƙara mini da fitilu huɗun nan ba su ba ni ba? Akwai kuma matsalar tsawo da ba a cika lura da ita ba. A da zango ɗaya yakan kai kashi 26, akwai sararin a yi yaƙi wannan mako, mako mai zuwa a yi wasan ƙwallo ko ɗaurin aure, ka san mutanen, ka shaƙu da su. Yanzu kashi goma ne ko sha wani abu, labari guda, kuma kullum duniya ce za ta tashi. In babu ranar da ka ga mutum yana dariya, ranar kukansa ba za ta taɓa ka ba.

Wanda kuma ke son duhu tsantsa, an yi masa nasa. Ronald D. Moore, ɗaya daga cikin marubutan Deep Space Nine, shi ya sake gina wani shirin sararin samaniya na daban, Battlestar Galactica, a 2004, bayan harin 11 ga Satumba, ya zuba azabtarwa da ƙunar baƙin wake da juyin mulki, kuma ya yi kyau. Ya gina gidansa ne a filinsa, bai rushe na gado ba. Masu Star Trek ɗin ma da alama sun ji ƙorafi, domin Strange New Worlds da suka fito da shi a 2022 ya koma salon kowane mako da labarinsa, har da kashi guda na waƙe-waƙe, wanda ni dai tsufa bai bar ni na ji daɗinsa ba.

Ka nemo kashi biyun nan ka nuna wa abokan naka kafin ku ci gaba da gardama, ka rubuto mini abin da suka ce. Ƙanwarka kuma, da na ji ta fara leƙen wayarka, ka fara mata da na Picard na 1987, daga zango na uku. Na idon nan kada ka kuskura, babarku za ta zo har gida ta same ni. Ka gaishe ta, ka ce man zafin da ta aiko ya ƙare.