Kada ka shafa wa bindigarka baƙin mai

Malam, kana tambaya ko baƙin mai, wato tsohon man inji, zai hana bindigar farautarka tsatsa a daminar nan ta Yawuri. A'a, kada ka soma. Nemi man keken ɗinki, ka ɗiga kaɗan a tsumma ka shafe ƙarfen. Amma ka fara tabbatarwa babu ɗuri a ciki.

Abin da ke cin bututun bindiga tokar albarushi ce, jan laima take yi kamar gishiri. Duk ranar da ka yi harbi, ka wanke cikinsa da ruwan zafi, ka yi ta zura busasshen tsumma har ya fito fari, sannan mai. Shi kuwa baƙin mai da dattin injinsa yake zuwa, hunturu na kamawa ƙura ta manne masa, kunamar bindigar ta cije.