Amsa ga ɗalibin da ke shirin zuwa Landan a kan gayyata zuwa mashaya

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa ka samu gurbin digiri na biyu a Landan, Allah ya sanya albarka. A cikin tambayoyinka, ta ƙarshe ce ta fi buƙatar doguwar amsa, inda ka ce an gaya maka malamai da ɗalibai a nan sukan tashi daga aji su zarce mashaya, kana kuma son sanin yadda wurin yake da abin da ya kamata ka yi idan aka gayyace ka. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma tun a makon karɓar sababbin ɗalibai gayyatar za ta same ka, saboda haka gara ka tsai da shawara tun kana gida.

Mashayar gargajiya ta Ingila, wadda suke kira pub, matsayinta a wurinsu ya yi kama da na majalisar unguwa a wurinmu. Da rana za ka tarar da dattijo a kusurwa da jaridarsa, karensa na kwance a ƙarƙashin tebur, ran Lahadi iyalai su zo da yara cin gasasshen nama, a wani daren kuma a yi gasar kacici-kacici ko a kalli ƙwallo. Tsofaffin cikinsu gine-ginen tarihi ne. Akwai Ye Olde Cheshire Cheese a wani lungu na titin Fleet, wadda aka sake ginawa a 1667 bayan babbar gobarar da ta cinye Landan a 1666, rufinta ƙasa-ƙasa, katakon bangonta ya yi baƙi don tsufa, ɗakunanta ƙanana suna gangarawa har ƙarƙashin ƙasa, kuma da hunturu ana hura wuta a murhu. Akwai George Inn kusa da Gadar Landan, ginin 1677, wadda har yau take da barandar katako ta zamanin da matafiya ke sauka da keken doki. A Kambirij kuma akwai The Eagle, inda a Fabrairun 1953 Francis Crick da James Watson suka ba abokan aikinsu labarin gano siffar ƙwayar gado ta DNA, wanda zai nuna maka yadda hirar ilimi a ƙasar nan ta daɗe tana bi ta waɗannan ɗakuna. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, giya ce jarin gidan, warinta ya kama darduma da kujeru, kuma daren Juma'a da na Asabar wurin yakan rikiɗe ya zama na hayaniya da maye.

Tsarin wurin yana rikita baƙo. Ba wanda zai zo tebur ya tambaye ka abin da kake so, kai ne za ka je kanta ka faɗa ka biya nan take, idan abinci ne ka ba da lambar teburinka. Ba a yin layi a fili, amma mai sayarwa yana lura da wanda ya riga wani, kuma ɗaga murya ko kaɗa masa kuɗi rashin ladabi ne. An hana shan taba a ciki tun 1 ga Yuli 2007, ba a sayar da barasa ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma da dare ana iya neman shaidar shekarunka tun a bakin ƙofa. A wurare da yawa ana kaɗa ƙararrawa gab da ƙarfe goma sha ɗaya don sanar da sayen ƙarshe. Abin da suka fi tinƙaho da shi wata giyar sha'ir ce da ake ajiyewa cikin ganga a ɗakin ƙasa, ana zuƙo ta da famfon hannu zuwa kofi mai cin mililita 568, har akwai ƙungiyar CAMRA da aka kafa a 1971 don kare ta daga giyar manyan kamfanoni.

Inda nake son ka buɗe ido sosai shi ne abin sha da abinci, domin a nan ne mai kyakkyawar niyya yake faɗawa cikin abin da yake gudu. Abin da suke kira shandy giya ce aka gauraya da lemo, cider kuma ruwan tufa ne da aka tsima ya zama barasa, kuma wasu kwalaben da ake tallatawa a matsayin marasa barasa za ka ga an rubuta kashi 0.5 cikin ɗari a jikinsu. Lemon kwalba da ruwan lemon zaƙi da shayi da kofi duk akwai, kuma doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da barasa ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Kifi da soyayyen dankali, da kowa yake ɗauka shi ne mafita, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin a ciki. Naman sa da ake gasawa cikin ɓawon fulawa sau da yawa a giya ake dafa shi, romon da ake zubawa a kan gasasshen nama wani lokaci akwai ruwan inabi mai sa maye a ciki, cikin 'yan abubuwan taunawa da ke rataye a bayan kantar akwai soyayyar fatar alade, sannan naman gidan gaba ɗaya ba yankan Musulmi ba ne sai in an rubuta. Ka yi tambaya ba tare da jin nauyi ba, domin ma'aikatan sun saba da masu tambayar abin da ke cikin abinci.

Babban al'amarin, wanda ba kasafai ake gaya wa sababbin zuwa ba, shi ne sayen karɓa-karɓa. Idan mutum biyar suka zauna, ɗaya zai tashi ya tambayi kowa abin da zai sha, ya saya wa duka, in kofuna suka ƙare na biye ya tashi, har layi ya zo kanka. Wanda ya karɓi lemo a zagayen farko ya ci bashi ke nan, kuma biyan bashin yana nufin ya sa kuɗinsa ya sayo wa mutum huɗu giya ya ɗauko ta da hannunsa, alhali ka san hadisin da ya ambaci la'ana a kan giya bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai saye da mai ɗauka da mai shayarwa. In kuwa ya sha nasu ya zame, za a ɗauke shi marowaci ko da ba a faɗa a gabansa ba. Maganin abin tun a zagayen farko yake: ka yi godiya, ka ce ba ka shiga karɓa-karɓar, za ka sayi naka da kanka.

Game da shiga wurin kansa, akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma saboda shi na san 'yan'uwa da yawa da suka shekara da shekaru a nan ba su taɓa taka ƙofar ba, ba kuma abin da ya ragu a karatunsu ko aikinsu. Shawarar da nake ba ka ke nan, kuma ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa kafin ka taso. Amma ina roƙonka kada ƙin zuwan ya zama ƙin mutanen. Wanda ya gayyace ka yana nufin ka zama ɗaya daga cikinsu ne, kuma idan kullum uzurin ciwon kai kake kawowa, za su ɗauka su ne ba ka so. Ka faɗi dalilinka sau ɗaya a fili, cewa addininka ne ya hana ka, sannan kai ma ka yi gayyata, ko shan shayi bayan lacca, ko cin abinci a gidajen Larabawa na titin Edgware, ko tsire a Peckham. Na ga malamin da ya mayar da zaman ƙarshen zango zuwa gidan abinci saboda ɗaliba guda ta yi masa bayani cikin ladabi, kuma matasan Ingila da ba sa sha sun ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan.

Akwai hasara a ciki, kuma ya kamata ka san da ita. A irin wannan zaman ne ake jin labarin gurbin aiki ko tallafin bincike tun kafin a sanar, saboda haka ka cike giɓin da zuwa ofishin mai duba aikinka a lokutan da ya ware, ka kuma samu aboki a aji da zai riƙa ba ka labari. Haka nan idan ka fara neman aikin wucin gadi a cikin sa'o'i 20 na mako da bizar ɗalibi ta yarda da su lokacin karatu, mashaya na cikin wuraren da suka fi saurin ɗaukar ɗalibai, kuma aikin zuba giya ne da kwashe kofuna, don haka ka fara da ɗakin karatu na jami'a da manyan kantuna da gidajen kula da tsofaffi. Ka gaishe mini da su Baba da Inna, ka kuma sanar da ni ranar saukarka.