Amsa ga ɗana a kan gardamar gwajin jini

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da mahaifiyarka da ƙannenka, saƙonka ya iso ni. Ka ce a zaman da aka yi a zauren Yaya kan auren ƙanwarka da ɗan gwaggonku, ka kawo shawarar a yi musu gwajin jini na sikila, wato amosanin jini, kafin a sa rana, sai aka rufe ka da faɗa. Ka tambaye ni ko a al'adarmu yaro yana da damar nuna wa babba cewa hujjarsa ba ta tsaya ba, ko kuwa tarbiyya ta wajabta masa yin shiru ko da ya ga kuskure ƙuru-ƙuru.

Al'ada ta hana ka kunyata babba a gaban 'ya'yansa, amma auna magana tsohon abu ne a wurinmu. Littafin Ahalari da ka koyi tsarki da salla a cikinsa, mai shi, Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, ya kuma tsara baitoci a kan ilmin manɗiƙi, wato ilmin auna hujja, a shekara ta 941 bayan hijira, yana ɗan shekara 21. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har musayar baitoci ya yi da Imam Suyuɗi na Masar, shi yana kare manɗiƙi, Suyuɗi yana hana shi. A zaure malamanmu suna kiran maganar da ta yi kama da hujja alhali ba hujja ba ce da suna mugalaɗa, kuma abin da ka labarta mini cike yake da ita.

Da aka ce maka, kai da ko auren fari ba ka yi ba me ka sani, an bar maganar ne an koma kan mai ita. Jinin ƙanwarka ba zai sauya ba don wanda ya nemi a duba shi tuzuru ne. Karin maganar da aka jefe ka da ita, cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ce a abin da ake sani ta hanyar daɗewa a duniya, kamar halin mutane da zaman aure, amma nau'in jinin da mutum ya gada ba a hango shi daga rimi ko daga ƙasa, sai an ɗiba an kai ɗakin gwaji.

Wadda ta fi ɗaure maka kai ita ce ta Yaya, da ya ce su sun yi aure ba gwaji, ga su nan da 'ya'ya da jikoki lafiya lau. Wannan tana da wuyar amsawa domin duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya ƙirga waɗanda suka rayu ne kawai, waɗanda suka mutu kuwa ba su zo zauren ba balle su ba da shaida. Ina yaro, akwai wata maƙwabciyarmu da ake ce tana wabi. Na tuna ɗanta na uku, idanunsa rawaya, hannuwa da ƙafafu a kumbure, kuma da zarar sanyin hunturu ya shigo sai mu kwana muna jin kukansa ta bayan katanga, uwar tana gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi. Bai kai shekara biyar ba. Wanda aka haifa bayansa Ajuji aka riƙa kiransa, don a nuna an fid da rai da shi ko mutuwa ta ƙyale shi. Ban ce kowane wabi amosanin jini ne ba, domin ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ma sun kwashe yara, amma na wancan yaro yanzu na san sunan ciwonsa. Yaya ma ya san gidan.

Sai wanda ya ce wato kai ba ka yarda da ƙaddara ba. Shi kuskure biyu ya haɗa: ya sa maka maganar da ba ka faɗa ba sannan ya yaƙe ta, kuma ya nuna kamar hanya biyu ce kawai, ko tawakkali ko gwaji. An taɓa yi wa Sayyidina Umar irin wannan tambaya lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce masa ko gudun ƙaddarar Allah zai yi, shi kuwa ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mai cewa in an yarda da gwaji yau gobe yara za su ce su za su ɗaura wa kansu aure, tsoro kawai ya bayyana, bai nuna igiyar da ta ɗaure wannan da wancan ba.

Yanzu bari in juyo kanka, domin kai ma ka yi naka. Ka ce musu wannan tunanin mutanen da ne, zamani ya wuce wurin. Tsufan abu ba ya mai da shi ƙarya, kamar yadda sabuntarsa ba ta mai da shi gaskiya, saboda haka ramin da ka ga sun faɗa shi ka faɗa ta ɗaya gefen. Mafi muni, ka ce idan mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, ya auri mai AS dole 'ya'yansu su zama masu sikila. Ba haka ba ne, kuma da wannan ka miƙa wa Yaya sanda, shi ya sa ya kawo maka misalin ma'auratan da 'ya'yansu suka fito lafiya, kai kuma ka rasa ta cewa. Abin da yake daidai shi ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila, kuma kowane ciki lissafinsa daban, don haka mai cewa tunda na fari ya zo da ciwon sauran ukun sun tsira, shi ma ya yi kuskure. Gida ɗaya zai iya samun yara shida ba mai ciwon, wani ya sami uku a jere. Dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta tilasta gwajin lafiya kafin aure tana taimaka maka, amma kada ka fara da ita, domin mutum yakan bi doka bai gamsu ba.

Ka kuma lura da abin da ba a faɗa ba. Wannan auren zumunci ne, kuma ina kyautata zaton abin da ke cin ran Yaya shi ne yadda zai dubi ƙanwarsa idan sakamako ya hana auren. Wanda tsoro ya sa shi musu, ko ka karya masa hujja biyar zai kawo ta shida.

Saboda haka kada ka sake ta da maganar a zaure. Ka fara zuwa wurin kakarka, tunda tsakaninku akwai wasan jika da kaka kuma Yaya ba ya tsallake maganarta, ka tambaye ta labarin matan da suka yi wabi a unguwa, ka bar ta ta faɗa da bakinta. Shi kuwa Yaya ka same shi shi kaɗai bayan la'asar, ka durƙusa ka ba shi haƙurin kalmar mutanen da, sannan ka kawo maganarka a matsayin tambaya, kana neman ya fahimtar da kai. Ni ma zan shigo ranar Juma'a in Allah ya yarda, zan kuma nemi a yi gwajin a asirce kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, yadda ko sakamakon bai yi daɗi ba maganar ba ta fita waje ba. Kafin nan ka je a duba naka jinin, ka riƙe takardar a aljihu, domin na san Yaya, zai tambaye ka ko kai ka yi.

Baffanka.