Amsa ga ɗan'uwan da ƙiba da faɗuwar gaba suke neman mayar da shi ga sigari

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka inda ka ce wata biyu ke nan da ka ajiye sigari, amma wandunanka sun fara matse ka, da dare kuma gabanka yana faɗuwa babu dalili, har kana tunanin ko ka koma shan kara biyu ko uku a rana don jikinka ya daidaita. Ban iya wucewa na yi shiru ba, domin duk abin da ka zayyana na ɗanɗana shi a nan Yamai. Ina roƙonka da girman Allah kada ka sayi wannan karan, ka fara duba yawan shayin da kake sha tukuna, domin ni a nan na tarar da rabin ciwona.

Ƙibar dai gaskiya ce, kada wani ya ce maka zato kake yi. Nikotin ɗin da ke cikin taba yana danne yunwa, yana kuma sa jiki ya ƙona abinci da ɗan sauri, to da zarar ka janye shi sai yunwar da aka danne shekara da shekaru ta taso gaba ɗaya. Ga shi kuma harshe da hanci sun farfaɗo, miyar da kake ci a dā ba tare da ka kula ba yanzu tana yi maka daɗi, ga baki da hannu da suka saba da aiki suna neman abin yi. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka daina ya nuna cewa a matsakaici mutum yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, kuma mafi yawan wannan ƙarin a watanni ukun farko yake zuwa, wato daidai inda kake yanzu. Wasu sukan wuce kilo 10, wasu ma ramewa suke yi. Ni na kusa shiga sahun masu goman, har sai da tela ya buɗe mini kunkurun wanduna biyu.

Amma ba ƙibar ce ta fi ƙona mini rai ba, bakin mutane ne, musamman wani taubashina da muka tashi tare, wanda tare muka koyi zuƙar tabar tun muna samari. Tun ranar da na ce na daina ya mayar da ni abin nishaɗin fada. Idan na iso sai ya tashi ya ba ni kujera yana cewa a yi wa mai juna biyu wuri, idan aka kawo tsire sai ya tura mini takardar gaba ɗaya ya ce in ci da rabon jariri. Na daure, domin ka san yadda abin yake a wurinmu, wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ake ba rashin gaskiya. Ranar da abin ya kai mini wuya ita ce ranar sunan ɗan ƙanena a Bukoki. Muna zaune a rumfa bayan an shafa fatiha, surukina yana gefe, abokan aikina suna nan, sai wannan bawan Allah ya zo ya dafa cikina da hannu biyu, ya tambaya da ƙarfi yaushe ne nawa sunan, sa'an nan ya zaro kara ɗaya daga kwalinsa ya cusa mini a aljihun gaba, ya ce ga maganin tumbi kyauta. Aka kwashe da dariya, har da dattawan da nake jin kunya. Ni ma na yi dariyar dole, alhali hannuna yana rawa kuma ƙamshin tabar yana tasowa daga aljihuna yana shiga hancina. Mutumin nan ya san tarin da ya hana ni barci kafin in daina, ya san ƴata ƙarama tana fama da ciwon ƙirji, shi ya raka mu asibiti da kansa, amma duk da haka ya ga ya dace ya yi mini wannan. Mun shirya daga baya, muna gaisawa, sai dai har yau idan na tuna rumfar nan raina yana ɓaci, kuma na yi imani ba wasa kaɗai ba ne, ganin na fita na bar shi a ciki ne yake yi masa zafi.

Na karya karan na zubar a hanya, amma daren ranar shi ne mafi muni da na gani. Lokacin zafi ne na watan Afrilu, an ɗauke wuta, muna kwance a tsakar gida. Can tsakar dare na farka zuciyata tana bugu kamar ana daka a turmi, gumi ya jiƙa ni, numfashi ya ƙi isa, na tabbatar a raina cewa mutuwa ce ta zo. Na tashi uwargida na fara gaya mata bashin da ake bina da wanda nake bi, ita kuma tana kuka tana yi mini fifita. Da gari ya waye ta matsa sai mun je asibiti. Likita ya auna hawan jini, ya auna sukari, ya saurari ƙirjina, bai ga abin tashin hankali ba, sai ya tambaye ni kofi nawa na shayi nake sha a wuni tun da na bar taba. Da na lissafa masa, na safe a wurin mai shayi da Nescafé a ciki, na rana a wurin aiki, na dare a fada tun daga na fari mai ɗaci har na uku, ga goro da na mayar abokin hira don bakina ya samu abin yi, sai ya ajiye alƙalaminsa ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da kafeyin, wato sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro mai hana barci. Idan mutum ya daina shan taba sai wannan saurin ya ragu, kafeyin ɗin ya daɗe a cikin jini, saboda haka kofin da ka saba sha ba tare da ka ji komai ba yanzu yana iya sa maka bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci. Ni kuwa ƙara shan na yi a maimakon ragewa, kuma kowane ƙaramin kofi cike yake da sukari, ka ga tumbin da faɗuwar gaban daga buta ɗaya suke fitowa.

Ya ce in rage rabi, kuma kada in taɓa shayi ko goro bayan la'asar. Wannan ya yi mini wuya ƙwarai, domin zaman fada ba tare da karɓar kofi ba kamar raini ne ga mai dafawa, sai na ɗauke ƙafa na wani lokaci, ina yin isha'i in shige gida. Ban ce maka tsoron ya tafi rana ɗaya ba, amma barci ya fara dawowa, kuma idan barci ya dawo cin dare yana raguwa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, sai ka tsaya yau ka kalli abin da ake zubawa a buta ɗaya ka yi lissafi da kanka.

Wani ɓangare na ƙuncin kuma na rabuwa da nikotin ne kansa. Yakan fi tsanani a makon farko, ya yi sauƙi cikin makonni biyu zuwa huɗu, yunwar ce take daɗewa fiye da sauran. Abin da muke ɗauka cewa sigari yana kwantar mana da hankali, ƙishirwar da shi ya haddasa ce yake kashewa na ɗan lokaci, shi ya sa kara biyun da kake tunani ba za su tsaya a biyu ba. Bincike ma ya nuna cewa bayan wasu makonni waɗanda suka daina sukan fi samun natsuwa a kan waɗanda suka ci gaba da sha. Idan sha'awar ta taso, mintoci kaɗan take yi ta lafa. Ni nakan tashi in yi alwala, in sha ruwa mai sanyi a hankali, in sa asawaki a baki, in ja numfashi ta hanci in sake shi sannu a hankali har ta wuce. Asawakin nan ya cece ni daga fanke da ƙosai da biskit ɗin mai tebur. Idan yunwar gaske ce, dambun zogale ko kokwamba ko karas sun fi, gyaɗa ma tana da kyau idan ba ka wuce tafin hannu ba, fura kuma a dama ta ba sukari. Amma kada ka ce za ka yi yaƙi da taba da tumbi a lokaci ɗaya ta hanyar horon kanka da yunwa, na ga wanda ya gwada, yunwar ce ta kai shi wurin mai tebur. Kilo 5 ana sauke shi daga baya, kuma illarsa ba ta kama ƙafar illar taba ba, tunda shekara ɗaya bayan dainawa haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan sauko zuwa kusan rabin na mai sha.

Don Allah kuma ka guji masu cewa ka koma shisha ko tabar gari wai sun fi sauƙi, duk nikotin ne. Haka ƙwayoyin rage ƙiba ko na barci da ake yawo da su a faranti cikin rana a kasuwa, kada ka kusance su. Akwai cingam da filasta na nikotin da ake amfani da su don sauƙaƙa dainawa, likita ko mai farmasi za ka tambaya ko sun dace da kai. Idan kana shan wani magani na yau da kullum, musamman na asma ko sukari ko na ƙwaƙwalwa, ka gaya wa likitanka cewa ka daina taba, domin wani lokaci sai an gyara awon maganin. Kuma kada ka dogara da labarina ka ce naka ma shayi ne kawai. Faɗuwar gaban da ta kai wata biyu ta cancanci a auna ka, idan kuwa ta zo da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko ƙuncin ya kai ga ka fara jin rayuwar ta ishe ka, a ranar za ka je asibiti, ba sai gobe ba.

Tafiyar ƙasa ita ce ta rage mini cikin da damuwar tare, minti 30 da sauri-sauri, kwana biyar a mako. Mu kaɗan ne muke haɗuwa bayan sallar asuba muna zagaya filin wasa na Seyni Kountché kafin rana ta yi zafi, biyu daga cikinmu tsofaffin mashaya taba ne. Idan kana Yamai kuma unguwarku ba ta yi nisa ba, ka yi mini magana ta gefe in gaya maka ƙofar da muke tsayawa. Allah Ya ba ka lafiya, Ya ƙara maka juriya.