Motar Lantarki a Hanyar Ƙauye: Ina Za a Sa Caji?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, har lita ta haura naira dubu a 2024, tambayoyi kan motar lantarki suke ta shigo mini ba ƙaƙƙautawa. A wannan makon na ware guda huɗu, dukansu a kan tafiya mai nisa da inda za a sa caji idan an bar babban gari.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Abuja, iyayena kuma suna wani ƙauye gaba da Bichi. Wani dila ya nuna mini sabuwar mota 'yar China, batirinta kilowat-awa 60, takardarta ta ce tana cin kilomita 500 da caji ɗaya. Zan iya zuwa gida Sallah da ita ba tare da na tsaya a hanya ba?

Amsa: Malam, ba za ta kai ka ba, kuma gara ka ji haka daga wurina yau da ka gani da idonka tsakanin Zariya da Kwanar Ɗangora da magariba.

Wancan 500 ɗin da ka gani a takarda, a mafi yawan motocin da aka ƙera don kasuwar China, an samo shi ne da ma'aunin da ake kira CLTC. A wannan gwajin, matsakaicin gudun mota bai kai kilomita 30 a awa ba, wato tafiya ce irin ta cikin gari, ana tsayawa ana tashi. Motar lantarki kuwa a irin wannan tafiyar ta fi jin daɗi, domin duk lokacin da ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki tana mayar da ɗan caji cikin batir. A babban titi ne take shan wahala, saɓanin motar fetur da muka saba da ita. Iska ce ke cin batirin. Idan ka tashi daga gudun 90 zuwa 120, turjiyar iskar da motar ke ratsawa tana ƙaruwa da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Mu yi lissafin tare. Mota irin wannan, tana gudun 110 da na'urar sanyaya a kunne, da iyali da kaya a but, za ta sha kilowat-awa 18 zuwa 20 a kowane kilomita ɗari. Ka ga daga cike zuwa tas, kilomita 300 ne da ɗoriya. Mai hankali kuma ba ya tuƙa ta har ta mutu, yana barin kashi 15 ko 20 saboda ɓacin rana: hanya ta toshe an karkatar da ku, ko ka isa wurin caji ka tarar babu wuta. Abin da ya rage maka a hannu tsakanin kilomita 240 da 280 ne. Daga Abuja zuwa Kano ya haura 400, ga na Bichi kusan 40, ga kuma na ƙauyen.

Saboda haka tafiyarka gaba ɗaya ta rataya ne a kan Kaduna. Abuja zuwa Kaduna bai kai kilomita 200 ba, za ka isa da sauran caji. Daga Kaduna zuwa Kano ya ɗara 200, to a nan ne fa sai ka cika batir fal kafin ka kama hanya. Kafin ka biya dila ko sisi, ka nemo takamaiman wuri a Kaduna da za ka sa caji, ka buga musu waya, ka tambayi abu uku: wane irin baki cajarsu take da shi, kilowat nawa take bayarwa, kuma idan an ɗauke wuta me suke yi. Idan da hali ka je da ƙafarka ka ga wata mota tana caji a wurin. Alamar da ke kan taswirar waya ba ta isa shaida ba. Haka za ka yi a Kano, domin dawowar ma tana buƙatar nata shirin.

Har yanzu yawancin wuraren cajin jama'a a Najeriya suna Legas da Abuja ne. Waɗanda hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta fara buɗewa a 2021 zamanin Jelani Aliyu, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas da ta Nsukka, na gwaji ne masu aiki da hasken rana, kuma a harabar jami'a suke, ba a bakin babbar hanya ba. Motocin haya masu lantarki da aka ƙaddamar a Maiduguri a watan Disambar 2023 ma zirga-zirgar cikin gari suke yi. Dalilin da ya sa caja mai sauri ba ta saurin isa ƙauye a fili yake: guda ɗaya mai kilowat 150 tana jan kusan rabin ƙarfin taransifoma mai kVA 300, irin wadda unguwa guda ke dogaro da ita. Wanda zai kafa ta sai ya tanadi taransifomarsa ko manyan batura da sola, kuma sai ya ga motocin da za su mayar masa da kuɗinsa.

Shawarata ita ce, idan motar da za ka saya ita kaɗai ce a gidan, kuma zuwa ƙauye sau uku ko huɗu a shekara wajibi ne a kanka, ka dakata tukuna, ko ka duba mota mai haɗa batir da injin fetur wadda ake iya sa wa caji a gida. Idan kuwa akwai wata motar, sayi wannan don zirga-zirgar Abuja da zuwa Kaduna. A layin Band A, inda kilowat-awa ya haura naira 200 tun watan Afrilun 2024, cika batirin nan a gida bai kai naira dubu goma sha biyar ba. A nan ribarta take, kuma riba ce ta gaske.

Tambaya: Maigidana ya sayo mini Nissan Leaf 'yar kwatano. Mun kai ta wani wurin caji mai sauri, bakin cajar ya ƙi shiga. Motar ce ta lalace?

Amsa: Hajiya, motarki lafiyarta ƙalau. Bakunan caja mai sauri ne ba iri ɗaya ba ne a duniya. Turai tana amfani da CCS2, Amurka da CCS1 da kuma bakin Tesla da yanzu ake kira NACS, China da GB/T, tsofaffin motocin Japan irin taki kuma da CHAdeMO. Mu da motocinmu ke shigowa daga kowace kusurwa, dukansu sun haɗu a titinmu. Akwai mahaɗin da ke sada wani baki da wani, amma mai kyau yana da tsada, na bogi kuma bai kamata ya kusanci wutar da ta kai wannan ƙarfin ba.

Ko da kin samu mahaɗin, ban so ki ɗauki Leaf ki yi doguwar tafiya da ita a zafin Maris da Afrilu ba. Batirinta ba shi da ruwan sanyaya kamar na yawancin sababbin motoci, idan ya yi zafi motar da kanta take rage saurin caji don ta kare shi, caji na biyu a rana ɗaya sai ya ja lokaci. Ki duba allonta, akwai 'yan layuka goma sha biyu da ke nuna lafiyar batir. Nawa suka rage shi zai gaya miki gaskiyar abin da kuka saya. Ki riƙa sa mata caji a gida da dare, a inuwa, ki yi kai yara makaranta da cefane da ziyara. A wannan aikin za ta yi miki hidima sosai. Duk mai shirin sayen mota kuma, ya buɗe murfin wurin cajin ya ɗauki hoto kafin a yi ciniki.

Tambaya: Ina karatu a Minneapolis ta Amurka. Ni da abokaina za mu yi hayar motar lantarki mu je Rapid City a jihar Dakota ta Kudu lokacin hutu. Ban taɓa amfani da caja mai sauri ba. Me ya kamata na sani?

Amsa: Ɗan'uwa, kai tafiyarka mai yiwuwa ce, domin a kan babban titin I-90 akwai wuraren caji. Sai dai tazarar da ke tsakaninsu tana buɗewa yayin da kuke nausawa yamma. Dokar gine-gine ta 2021 ta ware dala biliyan 5 don kafa tashoshi a manyan hanyoyin Amurka, ƙa'idarta ta farko ita ce tasha ɗaya a kowane mil 50 mai bakuna huɗu na kilowat 150, amma aikin ya tafi a hankali, kuma jihohin da mutane suka yi ƙaranci irin Dakota da Wayomin da Montana su ne a baya.

Fara da motar da za a ba ku. Lambar da aka rubuta a jikin tasha ita ce iyakar abin da za ta iya bayarwa, motar ce ke yanke abin da za ta karɓa. Tsohuwar Chevrolet Bolt ba ta wuce kilowat 55 ko ka haɗa ta da caja mai 350, yayin da Hyundai Ioniq 5 ke tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin kusan minti 18 a caja mai ƙarfi. A tafiyar da ta kusan mil 600, wannan bambancin awanni ne. Idan Tesla aka ba ku, taswirar motar ce za ta tsara muku wuraren tsayawa. Idan wata ce, ku tambayi kamfanin hayar ko akwai mahaɗi a ciki, domin ba kowace tashar Tesla ce ke karɓar baƙuwar mota ba.

Batir yana shan wuta ne kamar yadda ake cika buhu da gero: da farko zuba kawai ake yi, idan ya kusa baki sai an riƙa girgizawa ana tura kaɗan-kaɗan. Daga kashi 80 zuwa ɗari na iya cin lokaci daidai da wanda aka ci daga 10 zuwa 80. Shi ya sa gogaggun matafiya suke isa tasha da kashi 10 zuwa 20, su tashi a 80, su tsaya sau da yawa amma a gajarce. A karkara wannan dabarar tana da iyaka. Idan tasha ta gaba tana da nisa kuma babu wata kusa da ita, ku zauna ku cika, ko da za ku ƙara rabin awa. Ku ci abinci, ku yi sallah, lokacin bai tafi a banza ba.

A daren da za ku tashi ku tsara hanya da manhajar A Better Routeplanner, sannan ku buɗe PlugShare ku karanta abin da waɗanda suka tsaya a kowace tasha cikin 'yan kwanakin nan suka rubuta. A nan ne za ku ga inda baki biyu cikin huɗu suka mutu. Ku sauke manhajojin kamfanonin cajin ku saka katin banki tun kuna gida, saboda akwai wuraren da sabis ɗin waya ke rauni. Ku sa tashar a taswirar motar kanta, ba a waya kaɗai ba. Motoci da yawa suna ɗumama batir kafin a isa, caji ya fi sauri.

Iyakar gudu a I-90 cikin Dakota ta Kudu mil 80 ne a awa, ga iska mai ƙarfi a filin da babu itace. Idan kuka ga cajin da motar ke hasashen za ku isa da shi yana zubewa ƙasa da kashi 10, ku sauko zuwa mil 65 nan take, za ku ga lambar ta tsaya, wani lokaci ma ta hau. Idan hutun hunturu ne, ku ƙara rage tsammaninku, sanyi da na'urar ɗumama mota suna cin rabonsu. In kuma komai ya ƙi, sansanonin masu motocin kwana suna da soket mai bolt 240, da wayar da ta dace za ku kwana ku tashi da caji.

Tambaya: Idan na isa ƙauye babu tasha, zan iya sa wa motar caji da soket ɗin gida ko janareta?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, amma ka san abin da kake nema. Cajar tafi-da-gidanka da ke zuwa da mota tana jan kilowat biyu da ɗan kai. Batir mai kilowat-awa 60 zai ci fiye da kwana ɗaya cur ana ba shi wuta ba yankewa. Ga wanda zai yi kwana uku a gida, wuta kuma tana samuwa, hakan na iya isarsa ya koma inda akwai caja mai sauri.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne soket. Na taɓa ganin wanda aka zare daga bango bayan an kwana ana caji da shi: farar robar ta koma ruwan ƙasa, gefen rami ɗaya ya narke ya lotsa, ɗakin kuma yana warin ƙonanniyar waya har washegari. Wayar gidan an ja ta ne don fitila da fanka, ba don ta ɗauki nauyi irin na dutsen guga awa goma a jere ba. Kada ka haɗa da doguwar wayar nan ta kasuwa mai ramuka huɗu. Ka sa mai aikin wuta ya ja maka layi na musamman daga mita, da waya mai kauri da nasa makashin, ya kuma binne sandar ƙasa yadda ya kamata, domin cajoji da yawa suna ƙin tashi sam idan ba su ji wayar ƙasa ba. Bayan awa ɗaya da fara caji ka taɓa soket ɗin da bayan hannu. Idan ya yi zafi, ka cire.

Ƙaramin janareta irin na shago ba zai ɗauka ba. Babba zai iya idan wutarsa ba ta rawa kuma an haɗa masa wayar ƙasa, sai dai man da zai sha ya cinye rangwamen da ka sayi motar dominsa, don haka ka bar shi ga ranar larura. Idan gidan na da sola, ka sa cajin da rana tsaka lokacin da faifan ke bayarwa kai tsaye, ka cire da la'asar. Batirin inbatar gida sau da yawa bai wuce kilowat-awa biyar zuwa goma ba. Idan ka bar motar a haɗe bayan faɗuwar rana, cikin 'yan awanni za ta iya zuƙe shi, mutanen gida su kwana babu fanka.