Koci ya cire ɗana muna kan gaba, wai ya cika jifa 85: doka ce ko wariya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ɗana shekararsa 11, shi ne mai jifa a ƙungiyar besbol ta unguwarmu da ke ƙarƙashin Little League, hukumar da ke shirya gasar besbol ta yara. Ranar Asabar muna kan gaba da ci biyu a zagaye na biyar, yaro yana ta fitar da 'yan wasansu, kawai sai koci ya hau tudun da mai jifa ke tsayawa ya karɓe ƙwallo, wai ya cika jifa 85. Wanda aka sa a madadinsa ya zubar mana da wasan. Yanzu kuma an ce ba zai sake jifa ba sai Alhamis, alhali muna da wasa Talata. Zuciyata ba ta kwanta ba, don mu kaɗai ne baƙi a ƙungiyar. Akwai wani koci mai ƙungiyar kuɗi, wato wadda iyaye ke biya a sa yaransu, da ya ce in riƙa kawo shi duk Lahadi, wai su ba ruwansu da wannan ƙidayar, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron yakan ce gwiwar hannunsa tana masa zafi bayan wasa, amma da na shafa masa man zafi sai ta lafa. Ina zan kai ƙara?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Babu inda za ka kai ƙara. Da kocin ya bar yaron a kan tudu, to shi ne za a kai ƙara, kuma wasan da kake jin haushin an zubar ɗin ana iya ƙwace shi a teburi ko da kun ci a fili.

Tun 2007 Little League ta daina ƙidaya zagaye ta koma ƙidaya jifa. A da ana cewa zagaye shida a mako, sai aka ga zagaye ɗaya yana iya cin jifa tara, yana kuma iya cin arba'in idan yaro ya rikice. Yanzu ɗan shekara 9 zuwa 10 iyakarsa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 iyakarsa 85, ɗan 13 zuwa 16 kuma 95. Rangwame ɗaya ne: idan adadin ya cika yana tsakiyar fuskantar mai bugu, a bar shi ya gama da wannan mutum ɗayan, sannan ya sauka. Shekarun ma da ranar 31 ga Agusta ake lissafa su, kuma ku 'yan Bronx kun fi kowa sanin ba a wasa da wannan, tun abin da ya faru a 2001 da aka gano Danny Almonte shekararsa 14 ba 12 ba, aka soke duk nasarorin ƙungiyarsa.

Hutu kuwa gwargwadon abin da aka jefa ne. Jifa 20 zuwa ƙasa babu hutu, 21 zuwa 35 kwana ɗaya, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, 66 zuwa sama kwana huɗu. Kwanakin kalanda ake nufi, kuma ranar wasan ba ta ciki. Ka ƙirga da yatsunka: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba. Alhamis ke nan. Kocin bai ƙara maka ko awa ɗaya ba. Doka ba ta hana yaron buga wasan Talata ba, tudu kawai aka hana shi.

Ban ce babu wariya a filayen Amurka ba. Idan kana son ka gane ko ana danne ɗanka, ga inda za ka duba: a wasannin kakar wasa, duk yaron da ya zo fili dole ya tsaya tsaro har a fitar da mutum shida, ya kuma riƙe sanda aƙalla sau ɗaya. Ranar da aka tauye masa wannan, je wurin shugaban lig ɗinku. Takardar ƙidayar jifa ma ba asiri ba ce, ka tambayi mai rubuta sakamako ya nuna maka. Amma yaron da aka damƙa wa tudu har zagaye na biyar, ai shi ne ɗan gaban goshi.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne layukan ƙarshe, waɗanda ka rubuta kamar ƙarin bayani. Yaro ɗan shekara 11 yana cewa gwiwar hannunsa na zafi, kana shafa man zafi, kuma kana shirin ƙara masa wasan Lahadi. Kusan kullum sai wani uba ya zauna a gabana a ɗakin gashin ƙashi ya maimaita mini wannan karatun: wai hannu da yawan jifa yake ƙarfi, wai zafin nan alamar ƙarfi ne ke shiga. Na gaji da jin ta. Ita ce ke cika mana layi da yaran da ko gemu ba su fara ba.

Miƙe hannunka, tafin yana kallon sama, ka taɓa ɗan tsinin ƙashin nan da ke gwiwar ta ɓangaren jikinka. A hannunka ya riga ya haɗe da ƙashin damtse, ya zama abu ɗaya. A hannun ɗanka bai haɗe ba tukuna, guringuntsi ne a tsakani, kuma ba zai rufe ba sai wajen shekara 15 zuwa 16. A kan wannan tsinin ne naman da ke lanƙwasa wuyan hannu ya kama, a nan kuma jijiyar da ke riƙe gwiwar ta ciki take ɗaure. Duk jifa ɗaya, lokacin da hannu ya koma baya ya finciko gaba, sai an fizgi wurin. Babba idan ya yi yawa jijiyar ce ke yagewa. Yaro kuwa guringuntsin ya fi jijiyar rauni, don haka shi ke buɗewa a hankali, ya kumbura, ya yi zafi. Idan aka ci gaba, akwai ranar da jifa ɗaya zai ɓalle tsinin gaba ɗaya, yaro ya ji ƙas, ya riƙe hannu ya durƙusa a kan tudu, sai an shiga tiyata an ɗaure da ƙusa. Tun 1960 likitoci suka laƙaba wa wannan ciwo sunan Little League ɗin kanta, saboda a hannun yaranta aka fara lura da shi. Kafaɗa ma tana da irin nata.

To ka koma ka gaya wa mai karin maganar nan cewa iccen da ake tanƙwarawa sau ɗaya ake lanƙwasa shi a ɗaure a bar shi. Wanda ake lanƙwasawa a sake sau 85 ranar Asabar, a dawo a ƙara 60 ranar Lahadi, kowane yaro mai wasa da reshe ya san ƙarshensa.

Kuma wannan ba hasashe ba ne. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa da ke Birmingham a jihar Alabama, wadda Dakta James Andrews ya kafa, ta bi yara masu jifa 481 'yan shekara 9 zuwa 14 har tsawon shekara goma. Sakamakon da ta fitar a 2011 ya nuna wanda ya wuce zagaye 100 a shekara ya ninka sauran sau uku da rabi wajen haɗarin mummunan rauni, wato tiyata ko barin wasa. Wani bincikenta na 2006 ya fi wannan ban tsoro: matasan da suka saba jifa da gajiyayyen hannu sun ninka sauran sau 36 wajen kaiwa ga tiyata, masu jifa fiye da wata takwas a shekara kuma sau biyar. Ba ƙaramin bambanci ba ne da za a ce ƙaddara ce kawai.

Nan ne ramin da iyaye ke faɗawa. Little League wasanninta kaɗai take ƙirgawa. Mai ƙidayarta ba ya bin ɗanka zuwa gasar Lahadi, ba ya bin sa bayan gida inda kake tsugunawa kana cafe masa bayan la'asar. Ƙungiya biyu, takarda biyu, kowace tana nuna yaro bai ƙetare ƙa'ida ba, alhali hannun ɗaya ne. Akwai ƙungiyoyin kuɗi masu mutunci da ke ƙirga jifa tsakani da Allah, ban yi musu kuɗin goro ba. Amma wanda ya buɗe baki ya tallata maka kansa da cewa shi ba ya ƙirgawa, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Irinsu na san su. Na'urar auna gudun ƙwallo a hannu, labarin tallafin karatun jami'a a baki, takardar biyan kuɗi a aljihu. Wace jami'a ce ke ɗaukar ɗan aji shida? Idan hannun ya lalace, ba zai raka ku asibiti ba, kafin mako ya zagayo ya samo wani yaron.

Sai kuma babbar tatsuniyar, wadda na tabbata in bai faɗa maka ba tukuna zai faɗa: wai ko hannun ya samu matsala akwai tiyatar Tommy John, yaro ya dawo ya fi da gudu. Tommy John ƙwararren mai jifa ne na Los Angeles Dodgers, yana da shekara 31 a 1974 lokacin da Dakta Frank Jobe ya ciro jijiya daga ɗaya hannunsa ya dasa masa a gwiwar hannun hagu. Bai buga ko wasa ɗaya ba a 1975, ya dawo a 1976, ya ci gaba har 1989. Labari mai daɗi, shi ya sa ya ruɗi mutane. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na kociyoyi da iyaye, da rabin 'yan wasan sakandaren da aka tambaya, suna ganin ya dace a yi wa mai lafiyayyen hannu wannan tiyata don ya ƙara ƙarfi. Lafiyayyen hannu fa! Tiyatar faci ce. Jinyarta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba kowa ke komawa matsayinsa na da ba, kuma wanda aka ga ya ƙara gudu, watannin motsa jiki da hutun da hannun bai taɓa samu ba ne suka yi aikin. Ɗanka ma bai kai nan ba, don nasa ciwon a ƙashin da ke girma yake.

Man zafi kuma ka ajiye shi. Fata yake ɗumamawa, ba ya isa inda ciwon yake, sai dai ya rufe bakin ƙararrawa. Haka ƙwayar kashe zafi kafin wasa, wadda na ga iyaye suna miƙa wa yara a mota da ruwan gora. Kada kuma a kai shi wurin wani kawu da aka ce ya gaji ɗori ya ja hannun ya murza. Ba targaɗe ba ne, ba gocewa ba ce, ja da murza ƙara buɗe wurin suke yi.

Yau da dare ka yi abu biyu. Ka danna tsinin nan da babban yatsa a hannun jifa, ka danna na ɗaya hannun, ka kalli fuskarsa kada ka saurari bakinsa. Sannan ka lura da shi a ruku'u, lokacin da ya dafa gwiwoyinsa: shin hannayen biyu sun miƙe daidai, ko na jifan ya ɗan rage a lanƙwashe? Ciwon nama bayan wasa a damtse ko a baya yake, ya watsu, ya tafi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon da yaro zai nuna da yatsa ɗaya a kan ƙashi wani abu ne daban. Ko ka ga alama ko ba ka gani ba, tunda ya sha faɗa, a daina jifa a kai shi wurin likitan yara. A nan za ka haɗu da wahalar inshora, a ce sai da takardar turawa, a ba ka rana nan da mako uku. Kada ka karɓa ka yi shiru. Ka ce yaro mai jifa ne, yana da ciwo a gwiwar hannu ta ciki, kana son a tura shi wurin likitan ƙashi na 'yan wasa. Yawanci hoton hannu biyu ake ɗauka don a gwada faɗin guringuntsin. Idan an tare shi da wuri, maganinsa hutu ne na mako huɗu zuwa shida ba jifa, da gashin ƙashi, sannan a dawo sannu a hankali daga kusa zuwa nesa.

Bayan ya warke, ka sayi ɗan littafi ka zama kai ne mai ƙidayarsa, kowace ƙungiya, kowace rana. Tsarin Pitch Smart da hukumar manyan ƙwararru ta MLB da USA Baseball suka fitar a 2014 ya ce ɗan shekara 9 zuwa 12 kada ya wuce zagaye 80 a wata goma sha biyu, ya kuma huta wata huɗu a shekara, biyu zuwa uku daga ciki a jere. Idan kaka ta ƙare, sa shi ƙwallon ƙafa. Kada ka yarda a mayar da shi mai cafka, wato mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, a ranakun hutunsa, don mai cafka ma duk ƙwallo sai ya mayar, shi ya sa doka ta hana wanda ya jefa 41 ya tsuguna a bayan mai bugu a wannan ranar. Kuma 85 iyaka ce, ba a ce sai an cika ta ba. Idan ka ga ƙwallo ta fara tashi sama, gwiwar hannu ta sauko ƙasa da kafaɗa, yana karkaɗa hannu yana ɓata lokaci tsakanin jifa da jifa, ya gaji ko da a 50 yake.

Malam, ka yi haƙuri da zafin maganata. Yaro ɗan shekara 11 ba zai ce a cire shi ba alhali yana hango babansa a jikin shingen waya yana tafa masa. Zai haɗiye ciwon ya jefa, don ya ga abin da ke faranta maka. Tunda har ya iya buɗe baki ya gaya maka, to ciwon ya fi yadda ya faɗa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanku masu kiwo ne kuma kowa abin tambaya ne game da kiwonsa. Da wannan hannun zai yi rubutu, da shi zai ci abinci, da shi zai nemi na kansa shekara sittin masu zuwa in Allah ya yi tsawon rai, kuma ba za a tambayi kocin Lahadi ba, kai za a tambaya.

Ranar Talata ka je fili da wuri, ka sami kocin kafin yara su fara ɗumama jiki, ka gaya masa maganar gwiwar, don mai yiwuwa ne bai sani ba. Alhamis ɗin nan ma kada ya hau tudu sai likita ya gan shi.